Gyaran Tsohon Hoto: Wa Ake Ba Mu a Madadin Kakanninmu?

Wata sabuwar sana'a ta kama kasuwa a garin nan, kuma tunda kuɗinmu take ci, fuskokin iyayenmu take taɓawa, ya kamata mu zauna mu dube ta da kyau. Ana ce mata gyaran tsohon hoto. Mutum zai ɗauko hoton kakansa mai baƙi da fari, wanda ya yi shekara hamsin ko sittin a ƙasan adaka, ya kai shagon kwamfuta, ko ma wani yaron gida ya ɗauke shi da waya. Kafin ka sha ruwa an dawo da shi fes: an zuba masa kala, an goge tabo, fuska ta yi sumul, ido sai ƙyalli yake yi. Daga nan sai kalandar biki, ko bana ta taron zuri'a, ko a ɗora a WhatsApp a rubuta Allah Ya jiƙan mazan jiya. Daga Hausari zuwa Bulabulin, har unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa, abin ya zama yayi.

Addu'ar dai mun ce amin. Hoton ne bai gamshe mu ba, kuma ga dalilinmu.

Kowa ya sani Nguru tsohon gari ne. Nan ne ya kasance mazaunin Galadiman Borno na ɗaruruwan shekaru, ƙasar Mangawa ce, kuma fatake sun san hanyarta tun kafin Bature ya zo. Amma yawancin gidajen unguwar nan jirgin ƙasa ne ya kawo su. A 1930 layin dogo daga Kano ya iso nan ya tsaya, ya ratso Ringim da Malam Madori da Birniwa, sai garin ya zama bakin hanya ga duk kayan da ke fitowa daga yammacin Borno da ƙasar Damagaram: gyaɗa, ƙaro, fata da ƙirgi, shanu, busasshen nama da bandar kifi. Kakanninmu suka biyo kayan. Wani dillali, wani mahauci, wani ɗan dako a tasha, wani tela, wani malami da almajiransa. Wannan ba gori ba ne, tarihi ne. To mutanen da suka zo ta wannan hanya ba su bar mana ganuwa ko kundin sarauta ba. Abin da suka bari mai nuna kamanninsu shi ne ɗan hoton nan mai faɗin tafin hannu, wani lokaci ma na fasfon aikin Hajji ne kaɗai. Shi ya sa taɓa shi ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Bari mu fara da yabon aikin, don ba a san abin da aka ɓata ba sai an san yadda aka yi shi.

Mai hoton da ba shi da damar danna ashirin ya zaɓi ɗaya. Fim kuɗi ne. Wanda ake sa wa babbar kyamara mai fitar da hoto murabba'i guda 12 kacal yake ɗauka, na ƙaramar kyamara kuwa 24 ko 36. Kafin su ma akwai mai akwati, wanda ke kafa kyamararsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa ko kusa da tasha, ya rataya ƙyalle a bango, ya zaunar da kai a kan benci. Shi ko fim ba ya amfani da shi. Takardar hoto yake sawa a cikin akwatin, ya cire murfin gilashin da hannu, ya ƙirga a zuciyarsa, ya mayar. A cikin akwatin nan zai zura hannu ya wanke ta a ruwan magani, ta fito a juye, fari ya zama baƙi, sannan ya kafa ta gaban kyamarar ya sake ɗaukar ta don ta fito daidai. Duk wanda ya motsa a cikin ƙirgen nan ya ɓata aiki. Wannan na cikin abin da ya sa kakanninmu suke fitowa a daskare, ba murmushi. Sauran kuma kamala ce, ai dattijo ba ya washe baki a gaban baƙo.

Ku ɗauko ɗaya daga cikin masu kyau ku duba inda haske ya sauka. Waɗannan mutane, da yawansu Yarbawa ne da 'yan ƙabilar Ibo da suka zo cin kasuwa kamar yadda namu suka zo, sun san baƙar fata ciki da waje, don ita suke ɗauka kullum. Sun san su ajiye mutum a inuwar bango da hantsi, yadda haske zai zo ta gefe ya kwanta a goshi da ƙashin kumatu, ya bar ɗaya ɓangaren a ɗan duhu. Shi ya sa fuskar take fitowa da nauyi, kamar ka taɓa. Sun san a baza babbar riga a kan gwiwa don aikin aska takwas ko aska biyu ya fito zare-zare. Sun san rawani ɗan Kura, wanda aka buga da shuni har yana walƙiya, ba ya son haske ya doke shi gaba da gaba. Hannaye a kan gwiwa, yatsu a buɗe don zobe da agogo su fito, ƙafa a jere don a ga takalmi. Mace kuwa a ɗan karkata ta, ɗan kunne da murjani su samu wuri, ɗaurin kallabi ya tsaya da tsayinsa. Babu abin da ya faɗo cikin hoton nan da ka. Wallahi wasu daga cikinsu, in ka daɗe kana kallo, sai ka ji kamar ka gaishe su.

Yanzu me manhajar waya take yi wa wannan aiki? Masu shago suna cewa tana dawo da abin da ya ɓace. A nan muka rabu da su. Abin da ya goge daga takarda ya tafi, babu na'urar da za ta tono shi. Ita ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin manhajar an nuna mata fuskoki ne bila adadin, ta koyi yadda ido da hanci da leɓe suka saba kasancewa. In ta tarar da wurin da ya dushe a fuskar kakanka, sai ta cike shi da abin da ta saba gani. Cinta take yi, amma cintar mai kyan gani, shi ya sa take ruɗar mutane. Kuma yawancin fuskokin da ta koya a kansu ba irin namu ba ne. Sakamakon kuwa ga shi muna gani: hanci ya ƙara tsini, fata ta washe, tsoho ɗan saba'in ya koma ba ko tamoji ɗaya. An yi wa mamaci bilicin, shi da bai taɓa sanin man ba. Ku jera gyararrun hotuna biyar na gidaje biyar daban, za ku rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne tsaga. Na'urar ba ta san wanzami ba. In ta ga layi a kumatu sai ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce, ta shafe. Alhali a unguwa irin tamu, inda kowane gida da garin da ya fito, tsagar nan ita ce adireshi. Zuben Gobirawa daban, na Katsinawa daban, na Daurawa daban, ga bille, ga kalangu, ga dogayen layukan Barebari da ke saukowa daga sama har haɓa. Yau an daina yi wa yara, kuma ba kiran a dawo da shi muke yi ba. Amma tunda an daina, hoton ne kaɗai wurin da ya rage. Ka ga hoton angwaye, miji da tsagar Hausa, amarya da ta Barebari ko ta Badawa, ka ga yadda garin nan ya cakuɗu har muka zama dangin juna, ba sai wani ya ba ka labari ba. A shafe wannan a ce an gyara? Ranar da jikan jika zai tambayi daga ina muka zo, ko ranar da wani zai ce masa ku baƙi ne jiya kuka sauka, da me zai amsa, da fuskar da waya ta ƙirƙira?

Haka haƙora. Tsofaffin mata sun ci fure da goro don haƙori ya yi ja, ado ne a zamaninsu, kuma a hoto yana fitowa da duhu. Manhaja ta mayar da shi fari tas kamar tallan man goge baki. Kwalli da katambiri kuwa ko ta share ko ta mayar da su jagirar zamani.

Sai maganar kala, wadda ita ce ta fi jan mutane. Hoton baƙi da fari bai ajiye launi ko kaɗan ba, ƙarfin haske kawai ya ajiye. Takardar mai akwati ma ba ta ganin ja, baƙi take mayar da shi. Don haka jar dara da baƙar hula duk ɗaya suke a wurinta. To ta yaya waya za ta san wacce ce? Ba ta sani ba, zaɓa take yi. Shi ya sa za ka ga kore da ta sha shuni ta koma ruwan ƙasa, rigar tsamiya ta koma shuɗiya, saƙi ya koma kamar yadin kanti, lafaya ta fito da launin da ba a taɓa saƙa irinsa ba. Hular damanga ko zanna bukar, wadda wani ya yi makonni yana ɗinkin ta da allura, sai zanenta ya narke ya zama dabbare-dabbare. Wanda ya san tufafi, da ganin wannan zai kawar da kai.

Mun san abin da za a ce mana, kuma maganar tana da ƙafa. Za a ce ai tsohon hoton ma ba gaskiya zalla ba ne. Keken Rale da kaka ya dafa na mai hoto ne. Rediyon da ke kan tebur na aro ne, fulawar roba da tarho duk kayan situdiyo ne, jirgin sama da benen da ke bayansa zane ne a kan ƙyalle. Kuma masu hoton da kansu suna gyara fuska da fensir a kan nagatif, wasu har su shafa kala da burushi. Duk haka ne. Sai dai akwai bambanci. Mutumin yana raye, shi ya zaɓi keken, shi ya ce a sa masa rediyon, shi ya karɓi hoton ya duba ya biya. In ya ari agogo, to mun san a shekarar nan agogo shi ne burin saurayin Nguru, wannan ma ilimi ne. Mai burushin kuma ya ga rigar da idonsa kafin ya shafa mata launi. Kwalliyar da mutum ya yi wa kansa shaida ce a kansa. Wadda aka yi masa bayan ya kwanta dama, ba da saninsa ba, shaida ce a kan wanda ya yi ta.

Mu leƙa waje kaɗan, don kada a ce mu kaɗai ne muke ganin darajar abin. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948 ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Aikinsa irin na masu hotonmu ne sak: hasken rana a tsakar gida, kayan aro irin su rediyo da agogo da babur, har zanen gadonsa ya taɓa ratayawa a bango a matsayin ƙyallen baya. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York na Amurka ba tare da suna ba, an rubuta ba a san mai ɗauka ba. Sai wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako ya same shi, ya tarar ya adana dubban nagatif ɗinsa. Kafin ya rasu a 2001 manyan gidajen tarihi na duniya suna rububin aikinsa. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin zane na Venice a Italiya a 2007. A nan gida Najeriya kuma J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, yau duk mai son sanin kitson wancan zamani wurinsa yake zuwa. Duk a baƙi da fari aka san su, haka ake rataya su, babu wanda ya ce sai an zuba musu kala kafin su yi kyau. Ba mu ce kowane mai hoton tasha Keïta ne ba, akwai na banza a cikinsu, masu yanke wa mutum ƙafa ko su bar shi cikin duhu. Amma wanda ya raba Keïta da saura har duniya ta san shi, ban da gwaninta, shi ne an ajiye aikinsa yadda yake.

Masu gyara ba a fuska kaɗai suke tsayawa ba, har baya suke cirewa. Hoton da aka ɗauki Hajiya a ɗakinta, ga gado mai rumfa, ga jere ya hau bango har sama, sai a yanke ta a dasa ta a wani falo mai kujerun alfarma da labule, irin na finafinai. Kai jama'a! Jeren nan fa shi ne aikin hannunta. Ita ta san wace langa za ta hau kan wace, ta jera su daga babba zuwa ƙarama, ja kusa da fari, mai fulawa kusa da mai tsuntsu, tasoshi a sama suna ɗaukar ido, fanteka da kwalla a ƙasa, faifai masu rini a tsakani. Daga jere ake gane gidan da mace ta fito da irin sana'ar da ta yi ta tara. Kwanukan kansu yawanci sun tafi, 'yan gwangwan sun auna su a sikeli, an ba da robobi a madadinsu. Hoton ne ya rage mai nuna yadda ɗakin uwa yake kafin zuwan kabet da kuloli. Shi ma a goge?

Sannan ku juya hoton. Can baya ne ake samun hatimin situdiyo da akwatin gidan waya, wani lokaci da kwanan wata, wani lokaci da rubutun mai shi, da boko ko da ajami: sunan wanda aka aika wa, gaisuwa, ko ɗan baitin da saurayi ya tsara wa aboki. Mai gyara gaba kawai yake ɗauka. Bayan, wanda shi ne ke faɗin wane ne, yaushe, a ina, babu ruwansa da shi.

Wannan ya tuna mana da abin da ke faruwa da waƙoƙi, don ciwon iri ɗaya ne. Garin nan garin karatu ne, ko ba a faɗa ba sunan Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975, ya isa shaida. Wanda ya girma a nan ya san 'yan littattafan ƙasidu da ake shimfiɗawa a bakin masallaci ranar Juma'a, bugun Kano da Zariya, waɗanda magwajin rubutu ya rubuta da alƙalamin kara sannan aka ɗauki hoton rubutun nasa aka buga. Ya san Imfiraji ta Aliyu Namangi a bakin makafi, ya san Ishiriniya a daren Maulidi. Al'adar marubutan waƙa ce in sun zo ƙarshe su faɗi sunansu, su faɗi yawan baitoci, su sa ramzi, wato haruffan da in ka lissafa za su ba ka shekarar da aka yi waƙar. Hatiminsu ke nan. Yau sai ka ga an tsinko baiti huɗu daga tsakiya, an buga a waya ba ƙugiya a kan haruffa, an haɗe layuka har amsa-amo ya ɓace, an canja kalmar da mai bugawa bai gane ba da wadda ya sani, karin ya karye, an zagaye da fulawoyi, ƙarshen da ke ɗauke da suna da ramzi kuwa an yar. Shi ma gyara ake ce masa. (Abin sha'awa, ƙaron da jirgi ya yi shekaru yana kwasa daga tashar nan shi ne dai ake sa wa tawadar allo don ta kama, kuma da shi masu ɗab'i suke shafe farantin bugu. Ƙila wani littafin da ke cikin adakarku da ƙaron Nguru aka buga shi.)

Akwai gidajen da suka sauke hotuna daga bango saboda abin da malamansu suka karantar da su. Ba fatawa muka zo yi ba, wannan fagen masu shi ne. Roƙonmu kawai, wanda ya sauke kada ya ƙona. Ya sa a ambulan ya ba ɗan'uwan da zai riƙe.

Kada kuma a ɗauka gaba muke yi da waya. Kwafi alheri ne, kuma da gaggawa ake bukatar sa. Hoton baƙi da fari, da yake da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, ya fi na kala na shekarun 1980 juriya, waɗancan ai kun ga yadda suka koma jajaye. Amma ko shi ba ya jure zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano, da laimar damina da ke manna shi da gilashin firam, da gara. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Gashuwa da ƙauyukan fadama ya san adakar da ke ƙasa ita ruwa ke fara ci. Don haka a ɗauki kwafi, a tura wa 'yan'uwa na Kano da Legas da Makka, yadda in ɗaya ya salwanta akwai wani. Sai dai a ɗauke shi yadda yake, da tabonsa da yagewarsa, gaba da baya, a hasken inuwa ba da filashi ba. Wanda ransa ke son mai kala don kalanda, to ya yi, kuɗinsa ne, amma ya buga na asalin a gefensa ko da ƙarami ne, kuma ya gaya wa mai shago kada ya taɓa tsaga, kada ya cire baya. Masu shagon nan 'ya'yanmu ne, abin da aka nema suke yi. In aka fara neman kwafi mai tsabta za su koye shi.

Na asalin kuwa kada a kai shi a liƙe da leda mai zafi, irin yadda ake yi wa takardar makaranta, don in ta kama ba ta fita. Wanda ya manne da gilashi kada a fizge shi, a ɗauki hotonsa a haka. A sa farar takarda tsakanin kowane biyu, a ɗaga su sama daga ƙasa. Rubutu a baya da fensir, biro yana huda takarda ya fito ta fuska.

Sai aikin da ya fi duka wuya, wanda waya ba ta iya shi. A ɗauki hotunan a kai wa tsofaffin matan gida tun suna nan, su ne ke gane mutane. Iya ce za ta duba ta ce wannan ai wane ne, mahaucin da ya zo daga Gumel, wannan ta gefen kishiyar Gwaggo ce, wannan yaron da ke tsugune shi ne babanku. Abin da ta faɗa a rubuta a jikin ambulan: suna da laƙabi, garin da ya fito, sana'arsa, shekarar in an tuna, ko a ce kafin canjin kuɗi na 1973 ko bayansa. Sunan mai hoton ma a rubuta, in hatiminsa bai goge ba.